Jan Ulu a Kwandon Gwaggo Shigeno

A 'yar takardar labarai da ƙungiyar masu sana'armu take rabawa duk wata, layi huɗu aka ba Gwaggo Shigeno da ta rasu. An rubuta cewa ta yi shekara sittin da ɗaya tana tsintar ɓawon yin takarda a ƙauyenmu Hosotani, ta ajiye aiki don kanta cikin kwanciyar rai, ta koma wurin ɗanta a birnin Nagoya. Shekarun daidai ne, Nagoyan ma daidai ne. Kwanciyar ran ce ƙarya. Ina wurin, kuma da hannuna aka yi mata abin da aka yi, don haka ba zan bari layi huɗun nan su zama su ne labarinta ba.

Gwaggon mijina Noboru ce, ƙanwar babansa. A gidan da nake aure aka haife ta, gidan da ake yin takarda tun kakan kakanta. Tana da shekara goma sha huɗu aka zaunar da ita a rumfar tsinta, bakin ruwan da ke gangarowa daga dutse. Aikin ba shi da wani sirri. An sare itacen kozo, an turara shi, an saɓule ɓawon, an kankare baƙin bayansa, an dafa farin cikin ruwan toka. Sai a kawo maka a kwando, ka durƙusa, ka riƙa buɗe shi zare-zare a cikin ruwa kana cire duk wani ɗigon baƙi, duk wani tabo, duk inda ƙwaro ya ciza. Wanda ya tsere maka, kulki zai farfasa shi a kan dutse, ya watsu a kwami, ya fito a fuskar takarda ɗari. Kuma a tsakiyar hunturu ake yi, don yauƙin da ke riƙe zaren a kwami ba ya shiri da zafi. Sai ruwa ya kai ga sandarar da yatsa sannan takarda take kyau.

A gidanmu kowane kwando hannu biyu yake bi. Hannun farko ya tsince, hannun ƙarshe ya sake bi. Daga hannun ƙarshe sai dutsen daka, ba mai ƙara dubawa. Gwaggo ta zama hannun ƙarshe tana da shekara talatin, kuma tun daga nan ba wanda ya karɓe ta.

Kwami ta so tun tana yarinya. Sau ɗaya tak ta gaya min. Ta so ta riƙe asabarin gora da hannunta, ta ɗebo ruwan, ta girgiza, ta ga takarda ta kwanta a kai. Babanta ya ce kwami na yayanta ne, ita kuwa idonta ya yi kyau da yawa a ce an ɓata shi a wani wuri.

"Kin ji yabo," in ji ta. "Da yabo aka durƙusar da ni, har yau ban miƙe ba."

Ta auri Isamu, mai saran katako. Tana da arba'in da ɗaya itace ya faɗo masa a dutse ya kashe shi. Ɗa ɗaya suka samu, Haruhiko, wanda yana gama makaranta ya tafi masana'antar kayan mota a Nagoya, sai dai ya zo da sabuwar shekara da lokacin ziyarar kabari. Ta zauna ita kaɗai a ɗan gidanta na saman hanya, ita da kyanwa da 'yar gonar kabeji.

Ni 'yar mai sayar da kifi ce daga bakin teku. Ina da ashirin da uku aka kawo ni, ban san kozo daga itacen girki ba. Ranar da na fara shiga rumfa na yi wuni guda a kan kwando ɗaya, na miƙa mata ina ji da kaina. Ba ta kai minti goma ba ta jera min ɗigo goma sha ɗaya a kan katako.

"Amarya, a gidanku da ƙaya kuke cin kifi?"

Sanyi ya riga ya ɓata min rai. Na ce, "Da ƙaya muke ci, Gwaggo, shi ya sa bakinmu ke da kaifi."

Tokie, maƙwabciyarmu da ke tsinta tare da mu, ta sunkuyar da kai tana jiran a ci ni. Gwaggo kuwa ta yi dariya har da tari, ta turo min tukunyar ruwan zafin da muke ɗumama yatsu a ciki. Daga ranar ba ta taɓa kirana Sumie ba. Amarya ce har na haifi biyu, Amarya ce har furfura ta fito min.

Shekara talatin muka yi kafaɗa da kafaɗa, mu uku. Tokie ce bakin rumfar, duk wanda ya yi tari a Hosotani ta san dalili. Gwaggo ba ta cika magana ba, sai dai ta jefa guda ta koma ruwa. Tana da wani jan ulu da ta saƙa da kanta, wanda ke rufe mata daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu. Kafin ta taɓa ruwa sai ta tura shi sama ta ɗaure bakinsa tam da zare, don kada ko gashi ɗaya ya faɗa kwando.

"Inna Shigeno, ja wur kamar mai neman miji," in ji Tokie kusan kowace safiya.

"Idan na faɗa kogi a hango ni da wuri. Ke in kin faɗa, surutu zai nuna inda kike."

Takardarmu masu gyaran tsofaffin littattafai da zane-zanen haikali ne ke sayenta, mutanen da ba sa karɓar ɗigo ko ɗaya. Sukan zo su yi wa mai kwami godiya, su ɗauki hoton hannunsa. Ba na tuna wanda ya taɓa leƙa rumfa. Na sha yi mata ƙorafin haka, ita kuwa ko a jikinta.

"Ke dai ba ki gane ba. Shi ana ganin aikinsa. Ni ranar da aka ga nawa, na yi ɓarna kenan."

Hunturun da ta cika saba'in da biyu, Noboru ya kira ni bayan gida inda ake jingine allunan shanya. Ya ɓare takarda ɗaya ya ɗaga ta saitin rana. Kamar an barbaɗa mata garin barkono.

Na ce, "Kwandon wa?"

"Kin san na wa."

"To, sai a gaya mata."

"Wa zai gaya mata?"

"Kai mana. Ba kai ne mai gidan ba?"

"Ita ta goye ni, Sumie. Ita ta koya min riƙe tsinken cin abinci. In tsaya a gabanta in ce mata idonta ya ƙare?"

"To a kai ta wurin likita."

"Ta je tun da kaka. Haruhiko ya gaya min a waya. Tsakiyar idon ne ke mutuwa, kuma ba ya gyaruwa. Ita ba ta ce mana komai ba, mu ma ba za mu ce ba." Ya naɗe takardar ya cusa a aljihu. "Ki riƙa bin bayanta kawai. Kada ta sani."

Haka muke a nan. Ba a duban babba a ce masa ya gaza. Sai dai a kewaye shi, a gyara ta bayansa, a yi masa murmushi, a jira ya gane da kansa ya sauka. Muna kiran wannan ladabi, har muna alfahari da shi. Ni da kowa ya sani ba na tauna magana, ni da na taɓa tsayar da taron ƙungiya a kan magudanar ruwa har shugaban ya fita yana huci, a wannan kaɗai na haɗiye harshena. Na gaya wa kaina tausayi ne. Yanzu na san tsoron fuskarta ne.

Ƙarfe uku da rabi take tashi. Ta matse ɓawon dunƙule-dunƙule, ta jera a kwando, ta rufe da farin ƙyalle, ta kama hanyar gida. Da na ga jan hannunta ya sha kwana, sai in ɗauki kwandon in kai bayan ɗakin dahuwa inda akwai famfo, in kwance dunƙulen ɗaya bayan ɗaya, in sake bi da sauri kafin haske ya tafi, in sake matse su yadda take yi, murɗa zuwa hagu. Hunturun farko ɗigo ashirin ne, talatin. Na biyu na daina ƙirgawa. Na uku kuwa kamar ba ta taɓa kwandon ba. Wani lokaci ma sai in ga ta cire farin zare mai kyau ta bar baƙin da ke gefensa.

Kuma kowace safiya Noboru zai leƙo rumfa ya ce, "Gwaggo, kwandon jiya fes."

Ita kuma ta ce, "To da fa?"

Tokie ta sani. Mai kawo mana kozo ya sani. Matar mai shagon tofu, wato awara, ta tare ni a hanya ta ce ni surukar kirki ce. Garin nan kaf ya san Shigeno ba ta gani, ban da Shigeno.

Sai dai ba wawuya ba ce. Wata rana muna shan shayin ƙarfe goma ta kama hannuna ta shafa bayansa da babban yatsa.

"Amarya, hannunki ya fi nawa fashewa, alhali kwandunanmu ɗaya. Wanki kike wa gari?"

"Tsufa ne, Gwaggo."

"Tsufa. A gabana."

Ta saki hannun. Tokie ta yi maza ta ɗauko zancen ɗan mai gidan waya da ya dawo daga birni ba mata.

Wata Talata a farkon watan biyu, a hunturu na uku, na kwance dunƙule na uku a bayan ɗakin dahuwa sai ga jan ulu a ciki, girmansa kamar ƙwayar wake. Na tsaya ina kallonsa. Matar da take ɗaure hannun rigarta da zare shekara sittin, yau ga ulunta a cikin ɓawo ba ta ma sani ba. Na share idona da kafaɗa, na jefa shi aljihun rigar aikina, na ci gaba. Ban tsaya na tambayi kaina yadda abin da ya faɗo da kansa zai shiga tsakiyar dunƙule ya nannaɗe ba. Ban gaya wa kowa ba. A ganina na rufa mata asiri.

Laraba aka daka ɓawon, Alhamis Noboru ya ɗebi takardar, Juma'a ta kwana a matsi. Asabar rana ta fito, muka shafa su a alluna muka jingine a fili, ƙanƙara tana ƙyalli a ƙarƙashinsu. Wajen sha ɗaya sai Gwaggo ta miƙe daga bakin ruwa, abin da ba ta taɓa yi ba ana tsakiyar kwando. Ta fita fili. Ta tsaya gaban allo na farko, ta kai fuskarta har hancinta na kusan taɓa takardar, ta karkatar da kai don ta duba da gefen ido, ta bi daga sama zuwa ƙasa. Ta zaga bayansa ta yi haka. Ta wuce na biyu.

Alluna arba'in ne, gaba da baya.

Noboru ya fito da buroshi a hannu. "Gwaggo, me kike nema?"

"Kayana."

"Wane kaya? A taya ki."

"Kun taya ni ya isa."

Ta yi fiye da awa guda. Da ta gama na ƙarshe ta tsaya jim, ta koma rumfa, ta ƙarasa kwandonta, ta matse, ta rufe da ƙyalle kamar kullum. Ta ce mana sai Litinin.

Litinin ba ta zo ba. Ta buga waya ta ce bayanta ne. Talata ma haka. Tokie ce ta fara ganewa. Ta ce ranar Talatar da ta wuce ta ga Inna Shigeno tana tsinke wani abu daga hannun rigarta da haƙori, ta ɗauka ƙwaro ne ya ci ulun. Na sa hannu a aljihu na fito da shi. Muka zuba masa ido mu uku, ni da Tokie da Noboru.

Da gangan ta sa. Ja ta zaɓa don shi ne kalar da idonta ke iya kamawa har lokacin. Idan daga hannunta kwandon ya zarce zuwa dutsen daka, kulki zai farfasa ulun, takardar makon nan duka ta fito da jajayen gashi, ta zo ta nemi gafara a kan ɓarna, amma ta san ita ce hannun ƙarshe. Idan takarda ta fito fara, to akwai wani hannu bayan nata. Matar da ba ta taɓa barin ƙura ta shiga kwando ba, ta yarda ta lalata aikin mako guda don ta ji gaskiyar da mutum uku masu baki suka kasa gaya mata.

Kuna tsammani mun tashi mun je mun gaya mata? Noboru ya ce a yanki ulun kaɗan, a zuba a ƙaramin kwami, ya ɗebi takarda goma, in kai mata in ce a ƙasan tari suka ɓuya. Na ce masa ƙarya ce a kan ƙarya. Ya ce to in kawo wata dabarar. Ban da ita. Da almakashina aka yanka.

Ranar Juma'a da rana na hau gidanta da takardun a naɗe. Na same ta a teburin ɗumi, ƙafafunta cikin bargo, kyanwa a cinya. Ta zuba min shayi tana auna cikar kofin da kunne.

Na ce, "Gwaggo, ga abin da kike nema, ina ji. A ƙasan tari suke, ba mu shanya su ranar Asabar ba. Ulunki ne ya faɗa. Noboru ya ce ba komai, kada ki damu."

Ta karɓa. Ta kai ɗaya saitin taga ta duba da gefen ido. Jajayen gashin na nan a warwatse, Noboru ya iya aikinsa. Na ga kafaɗunta sun ɗan sauka, na ce a raina mun tsira. Sai ta lashi yatsa, ta jiƙa gefen takardar, ta zaro gashi ɗaya da farce, ta murza shi tsakanin yatsu biyu. Ta daɗe tana murzawa.

"Wannan bai sha kulki ba."

Ta ɗago gashin saitin fuskata.

"Abin da ya sha kulki laushi yake yi, bakinsa ya tarwatse. Wannan tsaye yake kamar gashin buroshi. Almakashin wa?"

"Nawa."

"Shi ya sa. Bai da kaifi, na sha gaya miki." Ta ajiye takardar ta shafe ta da tafin hannu. "Tun yaushe, Amarya?"

"Hunturu uku."

"Uku."

"Har da wannan."

"Tokie ta sani?"

"Ta sani."

"To gari ya sani." Ta sauke kyanwar. "Na san idona na tafiya, ba sai an gaya min ba. Takarda nake jira ta gaya min ranar da zan tashi. Ita ba ta jin kunyar kowa. Duk safiya in an ce fes, sai in ce ashe yatsuna na gani, ashe shekara sittin ba ta tafi a banza ba. Har na gaya wa Isamu a gaban hotonsa. Na ce masa, ka ga, ido ya tafi amma hannu ya tsaya."

Na fara cewa ba mu so mu ɓata mata rai ba ne. Ta ɗaga hannu.

"Da kun ce min, Gwaggo idonki ya ƙare, da na yi fushi mako guda. Wataƙila biyu. Da na zage ki, na zagi kifin gidanku. Sannan in koma kankarar ɓawo, wanda wuƙa ce ke ji, ba ido ba. Ko dakan saiwar yauƙi. Aiki ya ƙare ne a gidan? Sai kuka zaunar da ni ina wasa da ruwa kamar jaririya, ke kuma kina can baya hannunki na fashewa."

Daga nan ta yi abin da har na mutu ba zan daina gani ba. Ta fito daga bargon, ta gyara zama a kan gwiwoyinta, ta ajiye tafukan hannunta a tabarma, ta kai goshinta ƙasa a gabana.

"Na daɗe ina ba ku wahala. Ku yafe min."

Na kama kafaɗunta ina cewa ta tashi, ta ƙi tashi sai da ta ga dama. Da ta zage ni ne da na samu sauƙi. Ta naɗe takardun goma ta miƙo min.

"Ku liƙa a tagar ɗakin dahuwa. Kada a zubar, kozo ne."

Noboru ya je da kansa washegari, ya yi sujada a ƙofarta, ya roƙe ta ta zo ta karɓi kankarar ɓawo, ya ce muna bukatarta, kuma wannan karon gaskiya ce, don mai yi mana ya tsufa. Ya dawo ya zauna bakin kwami bai taɓa ruwa ba har yamma. Na tambaye shi me ta ce.

"Ta ce, a can kuma wa zai riƙa bin bayana?"

Da ƙanƙara ta narke Haruhiko ya zo da mota. Gidan benen da yake zaune a Nagoya ba a shiga da dabba, sai Tokie ta karɓi kyanwar. Gwaggo ta bi gida-gida ta yi sallama yadda ya kamata, da ɗan tawul na kyauta ga kowa. Rumfa kaɗai ba ta leƙa ba, ga ta nan a bakin hanya.

Na je wurinta da kaka, na kai mata busassun 'ya'yan itacen kaki da Tokie ta shanya. Hawa na tara suke. Matar Haruhiko mutuniyar kirki ce, ta ba ta ɗaki mai rana. Na same ta zaune kusa da taga hannuwanta a cinya. Duk fashewar ta warke, ƙullin yatsun ya sauka.

"Dubi hannuna, Amarya. Kamar na matar likita."

Matar Haruhiko ta ja ni gefe a kicin ta ce ba ta san yadda za ta yi ba. Idan Mama ta wanke kwanuka sai ta laɓe a bakin ƙofa tana saurare, ko za ta ji an sake buɗe famfo. Idan aka ce miyarta ta yi daɗi sai ta ajiye tsinke ta daina ci. Shi ya sa suka daina yabon komai, ita kuma ta daina taɓa komai.

Na koma na zauna da ita. Ta tambayi kyanwa, ta tambayi ko kozon bana ya yi kauri, ta tambayi wa ke hannun ƙarshe. Na ce ni ce. Ta ce to gidan ya shiga uku, muka yi dariya, na ji kamar muna rumfa. Har na ɗauki jakata zan tafi sai ta riƙe bakin rigata.

"Tambaya ɗaya. Kafin hunturu ukun nan, kin taɓa bin bayana? Ko uwar Noboru, kafin ki zo?"

"Ko sau ɗaya, Gwaggo. Ba wanda ya taɓa bin bayanki a ɓoye. Shekara hamsin da takwas ɗin nan naki ne ke kaɗai."

Gaskiya na faɗa, tsantsarta. Ta juyo da gefen idonta ta daɗe a kaina.

"Haka za ki ce," in ji ta. Ta saki rigar.

Ban sake ganinta da rai ba. Ta rasu da bazarar da ta wuce, tana da saba'in da bakwai. Aka ƙona gawar yadda muke yi, aka kawo tokarta aka sa kusa da ta Isamu, masu jawabi suka yi ta cewa ba a taɓa ido irin nata a kwarin nan ba. Mutanen da suka yi shekara uku suna mata murmushi su ne a sahun gaba, ni ma ina cikinsu, da baƙar rigata.

Ba idonta ne ya raba ta da aiki ba, ido kowa nasa zai tafi. Mu ne muka karɓe mata shekara ukun, sannan muka bi sauran hamsin da takwas muka sa musu alamar tambaya, ta tafi ba ta san wanne ne nata ba.

Takardun goma na nan a tagar ɗakin dahuwa, da rana ta bugo sai jajayen gashin su fito. Bana na canza tabarau karo na biyu. Na tara Noboru da Tokie da yarinyar da ke mana hannun farko yanzu, na ce musu ranar da ɗigo ya fara tsere min a gaya min a fuska, da safe, a gaban kowa. Duk suka ce to, da sauri, suna murmushi.

Ragowar ulun yana cikin gwangwanin shayi a saman kabad ɗina. Zai ishi dunƙule ɗaya.